AUNA DANSHIN ƘASA DA HASASHEN RUWA: SHIN SHIGA GAIBU NE?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa masu albarka, duk shekara idan hukumar NiMet ta fitar da hasashen damina, sai ka ji wasu suna cewa wannan bokanci ne, wai ana yi wa Allah shisshigi. Har akwai mai ƙin sauraron sanarwar don tsoron imaninsa. Niyyar mai kyau ce, amma ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake.

Cikin abubuwan da masana yanayi suke aunawa akwai danshin ƙasa. Wani awon da na'ura ake yi, a binne ta a gona. Wani kuma daga sama: a 2009 Turai ta harba SMOS, a 2015 hukumar NASA ta Amurka ta harba SMAP, wanda yake auna danshin saman ƙasa, zurfin kamar santimita 5, yana dawowa kan wuri duk kwana biyu zuwa uku. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiya ba iri ɗaya suke fitar da tururin zafi ba, wannan bambancin na'urar take karantawa.

To me ya haɗa ƙasa da hadari? Idan rana ta bugi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙarfinta yana tafiya wajen tayar da ruwa ya zama tururi. Idan busasshiya ta buga, sai iskar wurin ta yi zafi ta tashi sama. Binciken AMMA, wanda aka yi babban aikinsa a 2006 har da yankin Yamai, ya taimaka wajen gano cewa a Sahel hadarin yamma ya fi yawan haɗuwa a kan busasshen wuri mai maƙwabtaka da jiƙaƙƙe. Subhanallah! Ruwan jiya ya zama sababin na gobe, a gonar maƙwabci.

Ina ganin sunan ne yake rikita mu. Da an ce "tauraron ɗan adam" sai zuciya ta tafi ga hadisin Zaidu bin Khalid na Hudaibiyya, inda aka kafirta mai jingina saukar ruwa ga tauraro. Wancan yana ganin tauraron ne yake bayarwa. Wannan kuwa ƙarfe ne, awo kawai yake. Imamu Shafi'i ma ya bambance: wanda ya ambaci tauraro da nufin lokacin da aka saba samun ruwa, bai kafirta ba, duk da ya fi son a canza lafazin.

Aya ta 34 a Suratu Luƙman ta tabbatar da cewa saukar da ruwa na Allah ne shi kaɗai. Babu mai jayayya. Sai dai gaibu shi ne abin da babu hanyar kaiwa gare shi ta sababi. Manomin da ya tona ƙasa da fartanya bayan ruwan farko, ya dunƙula ta a hannu, ya ce "ba ta ƙoshi ba, a dakata da shuka", akwai wanda ya taɓa kiransa boka? Aikinsa na'urar take yi, faɗin gonar ne ya bambanta. Kuma hasashensu da kaso suke faɗinsa, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure.

Abin da yake damuna shi ne talaka. Mutum ya ci bashin iri da taki, ya shuka a ruwan farko, ruwa ya ɗauke mako uku, shukar ta ƙone, alhali an yi gargaɗi a rediyo amma an ce masa saurare haramun ne. Wanda ya ba shi wannan fatawar fa, zai biya masa bashin?

Don haka sauraron hasashen ya halatta, karantar ilimin ma haka, ina ma 'ya'yanmu za su cika fannin. Lafazi kawai za a kiyaye: a ce "ana sa ran ruwa in sha Allahu", kada a yanke. Idan kuma fari ya tsananta, na'ura ta nuna ƙasa ta bushe ƙarau, sallar roƙon ruwa tana nan a matsayinta na sunna, a fita a yi.

Wallahu a'alam.