Shin A Zuba Taki A Gonar Aro?

  

An gama kaka, dawa ta shiga rumbu, hunturu ya kama. Daga yanzu har zuwa bazara, duk wadda ta bi hanyar Dambatta ko Bichi ko Minjibir za ta riƙa ganin jakuna da mangala, da amalanken shanu, suna kai taki gona ana jera shi tsibi-tsibi. Ruwan shuka sai wajen watan Yuni, amma manomin ƙasar Kano ya san cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Wannan taki kuwa, in kin duba, daga hannunki yake fitowa. Kashin awakinki da tumakinki ne da kike sharewa a turke, da na kaji daga akurki, da tokar murhu, da sharar tsakar gida. Maigida ya kawo harawa da karmami daga gona, dabbobinki su ci, su mayar wa gonar da abin da aka ɗauko daga gare ta. Wani Baturen Ingila mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara nazarin gonakin kewayen Kano tun shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, saboda yawan jama'a da ƙarancin fili, amma ƙasar ba ta mutu ba. Babban sirrin shi ne wannan taki, tare da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya.

To ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Wata baiwar Allah ta same ni bayan an tashi daga Islamiyya, ta ce mijinta ba shi da gonar kansa, aro aka ba shi. Ta tara taki mai yawa, shi kuma ya ce ba za a kai shi can ba, gara a sayar. Dalilinsa shi ne ƙarfin takin gargajiya ba ya ƙarewa a damina ɗaya, yakan kai shekara biyu ko uku yana aiki a ƙasa. In mai gona ya ga ta yi kyau, baɗi sai ya ce yana son abarsa. Ta ce, “Malama, wa ke da gaskiya, ni ko shi?”

Kada mu yi saurin ganin laifin mijin nan, domin maganarsa tana da tushe. Abin yana faruwa. Akwai masu gona da ke bayar da aron gonar da ta gaji, wadda wuta-wuta ta cinye, su zuba ido har talaka ya farfaɗo da ita da guminsa da takin matarsa, sannan su karɓe. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi da murmushi. Kuma Musulunci bai ce mumini ya zama wawa ba.

Amma ki dubi ɗaya gefen. Wanda ya ari gona ya noma ta shekara uku bai zuba mata komai ba, me ya mayar wa mai ita? Ya kwashe hatsi, ya kwashe kara, ya kwashe harawa, ya bar masa rairayi. Da zane kika ara wa maƙwabciyarki ta dawo miki da shi a yage, ai ba za ki ji daɗi ba. Gona ma haka take, sai dai ita yagewarta ba a gani da ido sai an zo girbi. Aro amana ne, kuma gyara ƙasar da aka ci amfaninta yana cikin riƙon amanar.

Sannan akwai abin da ya fi wannan. Ya zo a hadisi ingantacce, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Musulmi yana samun ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukarsa. Kin ga ke nan ko an karɓe gonar, geron da takinki ya fitar yana cikin littafinki. Iyayenmu ma sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Dubi gawon da ke tsaye a gonakinmu, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobi kuma su ci 'ya'yansa da rani. Wanda ya bar shi ya girma ya daɗe a kabari, mu ne muke cin moriyarsa.

Saboda haka amsar da na ba ta ita ce a zuba takin, amma a ɗaure maganar tukuna. Maigida ya je wurin mai gona da shaidu biyu, ko gaban mai unguwa, a yanka shekarun aron a fili, in da hali a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don kada zumunci ya ɓaci saboda “na zata” da “ai ban ce ba”. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, aron da aka yanka wa lokaci, mai abu ba shi da ikon karɓewa kafin lokacin ya cika. In mai gona ya ƙi yanka lokaci, to a zuba gwargwadon abin da za a ɗebe a daminar, sauran ki kai garkarki ta kuɓewa da yakuwa, ko ki sayar, hakkinki ne.

Tunda kuma za a kai, a kai mai kyau. Ki tsince leda da fasasshiyar kwalba da tsohon batir daga shara, domin leda tana kashe awaki, kwalba tana yanka ƙafar mai noma. Ki tara takin a rami ko a inuwa, ki riƙa yayyafa masa ruwan wanke-wanke marar sabulu har ya ruɓe, saboda ɗanyen kashi yana ƙona shuka, wanda rana ta daɗe tana duka kuma ƙarfinsa yakan ragu.

Kafin in rufe, 'yar'uwa, bari in taɓa inda ya fi mana ciwo. Sau nawa kika ji mace ta ce gidan miji gonar aro ce? Ta ƙi kula da 'ya'yan kishiyar da ta fita, ta ƙi gyara komai, wai gobe ana iya miƙo mata takarda. Tsoronta ba na banza ba ne, duk mun ga yadda aure ke mutuwa a garuruwanmu. Hukuncin dai ɗaya ne da na gonar. Ki san hakkinki, ki riƙe sadakinki da sana'arki da dabbobinki, kada ki ji kunyar tambayar malamai. Amma yaron da ke gabanki yau, wanda uwarsa ba ta nan, kada ki hana shi tarbiyya da tausayi don kina shakkar ko ke za ki ci moriyarsa. Mu kanmu duniyar aronta aka ba mu, kuma Mai ita bai faɗa mana ranar da zai karɓa ba.

Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya ba mu mai albarka, Ya sa mu zama masu riƙon amana.