JIRA IRI BIYU NE

'Yan'uwa, da daminar bara wani dattijon ekklesiya daga ƙasar Kusada ya kawo ɗansa mai shekara 12 asibiti. Zazzaɓin taifot ya yi mako biyu yana cinsa, har hanjinsa ya huje, ƙazanta ta zuba a cikinsa, dafinta ya shiga jini. Likita ya ce sai an yi masa aiki, amma ba nan take ba. Dattijon ya dube ni, ya ce, "Fasto, kadan abin gaggawa ne, me ake jira? In kuwa ya mutu a hannunsu, ba ni ne na sa hannu ba?"

Ga dalilin likita. Wanda dafi ya shiga jininsa, ƙarfin jininsa yakan faɗi, fitsari ya ɗauke. Kadan aka sa shi barci a haka, zuciya tana iya tsayawa. Domin wannan sai a fara da ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Amma allura ba ta ɗinke hanji, saboda haka jiran na 'yan sa'o'i ne kaɗai. Wannan jira shiri ne.

Akwai wani jira dabam. Kwana uku cikin yaron yana kumbure a gida, ana jiƙe-jiƙe, ana jiran kasuwar Kankia a sayar da akuya. Waɗansu kuma suka ce a dogara ga addu'a. Wannan jira shi ke kisa. A shekarar 2017 an ƙiyasta mutum miliyan 11 suka mutu a duniya ta wurin dafin nan.

To, laifin wa ne in mara lafiya ya mutu wurin aiki? Ni dai na ce, wanda ya sa hannu domin ceton rai bai yi kisa ba, gama rai na Allah ne. Ƙin sa hannu ma zaɓi ne, za a kuwa tambaye mu a kansa. Ku tuna, annabi Ishaya da ya kai wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa, shi ne kuma ya sa aka ɗora ɓaure a kan marurunsa.

Dattijon ya dangwala yatsa. Yaron ya tashi, bayan ya yi wata guda a kwance.

Amma tambaya ta rage mana. Kwana ukun nan, ba rashin bangaskiya ya kawo su ba, rashin kuɗi ne. Ekklesiyarku tana da abin da ta ajiye domin ɗan'uwan da ciwo ya kama da tsakar dare?