Gaisuwar da Hannu Zai Karanta

Karatu: Markus 8:22-26, 1 Yohanna 1:1-4



Wata Kirsimeti, a ikkilisiyarmu a nan N'Djamena, mun raba wa kowa katin gaisuwa bayan sujada. Akwai wani dattijo makaho da ke zama a bencin gaba, ba ya fashin sujada. Na sa masa nasa a hannu. Ya shafa gaba, ya shafa baya, duk sumul. Sai ya ce, "Fasto, ina ne samansa?" Ya sa shi a aljihu, ya ce zai jira jikansa ya karanta masa. Kunya ta kama ni. Na gaishe shi da abin da ido kaɗai ke karɓa.

Dubi yadda Yesu ya yi a Betsaida. Da aka kawo masa makaho, kafin ya warkar da shi sai da ya kama hannunsa, ya ja shi har bayan gari. Mutumin bai ga fuskar Yesu ba tukuna, amma ya ji ɗumin hannunsa. Ubangiji ya yi masa magana ta ƙofar da take buɗe. Haka Allah ya yi mana duka. Yohanna ya shaida cewa Kalmar rai ta zo kusa har hannuwansu suka taɓa ta.

Allah bai bar makafi ba rubutu ba. Louis Braille, wanda aka haifa a Faransa a 1809, ya makance tun yana ƙaramin yaro bayan ya ji rauni a ido a shagon mahaifinsa. Yana da shekara 15 ya tsara rubutu mai ɗigo 6, uku a hagu uku a dama, wanda ake karantawa da kan yatsa. A Gindiri, a Nijeriya, mishan ta buɗe makarantar makafi a 1953, yara suka koyi karanta Maganar Allah da hannunsu.

Kai ma kana iya yin kati irin wannan, ba sai da kuɗi mai yawa ba. Nemi kwali mai kauri. Ka manna zare mai kauri a siffar gicciye ko tauraro, ko ka jera ƙwayar gero da gam, ko ka yanka ƙyalle mai laushi ka liƙa. Siffa ɗaya babba ta isa, domin tarkace da yawa suna rikita yatsa. Ka datse kusurwa ɗaya ta sama don ya san inda zai fara. In yana karanta rubutun makafi, ka roƙi wanda ya iya ya huda maka sunansa da gajeruwar gaisuwa. Daga bayan takarda ake hudawa, daga dama zuwa hagu, domin in an juya, ɗigon su taso daidai. Kafin ka bayar, rufe idonka ka shafa. Abin da ba ka gane ba, shi ma ba zai gane ba.

Amma fa ka tuna, yawancin waɗanda suka makance da girma ba su koyi wannan rubutu ba. Saboda haka kada ka aika yaro. Zumunta a ƙafa take. Je da kanka, ka faɗi sunanka, ka sa katin a tafinsa, ka zauna har ya gama shafawa.

Abin tunani: Wane ne a ikkilisiyarku ko unguwarku da gaisuwarka ba ta taɓa kai masa ba? Rubuta sunansa yau.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini domin na yi ƙauna yadda ta yi mini sauƙi, ban kula da ɗan'uwana ba. Ka buɗe idon zuciyata, ka mori hannuwana. A cikin sunan Yesu, Amin.