Ƙafar da ke koyon tafiya karo na biyu

Yau da asuba ka sauko daga gado, ƙafarka ta taka ƙasa ba tare da ka lallashe ta ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya san darajar wannan. Jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, saƙon da ke sauka zuwa ƙafa ya yanke, sai ga dattijon da ya shekara hamsin yana zuwa gona ya koma sai an tayar, sai an kwantar.

A Jami'ar Tsukuba ta ƙasar Japan, Farfesa Yoshiyuki Sankai ya ƙera wata na'ura mai suna HAL. Ana ɗaura wa majinyaci ita daga kugu zuwa ƙafa, a manna masa 'yan wayoyi a fata. Idan ya yi nufin ɗaga ƙafa, ƙwaƙwalwa takan aiko da ɗan saƙon lantarki mai rauni, wanda bai kai ya ɗaga ƙafar ba. Na'urar takan ji shi, ta cika masa ƙarfin da ya rage. Akwai kuma Lokomat ta ƙasar Suwizalan, inda ake rataye mutum da ɗamara a kan bel mai tafiya, ƙarafa suna lanƙwasa masa gwiwa sau ɗaruruwa, aikin da a da yakan gajiyar da masu gashin ƙashi biyu ko uku. Da maimaici ƙwaƙwalwa take fitar da sabuwar hanya, kamar yadda sawu ke fitar da turba a cikin ciyawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗan saƙon nan. Shi kansa majinyacin yana ganin ƙafarsa ta mutu, amma an ji saƙon. Sau nawa addu'armu take haka? Baki ya yi nauyi, zuciya ta gaji, abin da ya rage sai ajiyar zuciya. Idan hikimar da Allah ya ba ɗan adam ta iya jin abin da ya raunana haka, ina ga Shi da ya halicci jijiyar?

A cikin Markus sura ta 2, shanyayyen Kafarnahum bai kai kansa wurin Yesu ba. Mutum huɗu ne suka ɗauko shi, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi. Yawancin majinyatanmu ba za su taɓa ganin HAL ba. Abin da suke da shi shi ne kafaɗar ɗa, da haƙurin mata, da maƙwabcin da zai kai su asibiti ranar gashi.

Ya Ubangiji, ka ji nufinmu ko da ya raunana, ka ƙarfafa masu jinya. Kai kuma ɗan'uwa, idan akwai mai wannan lalura a unguwarku, ka leƙa shi yau, ka ba shi kafaɗarka ya taka ko sawu biyar ne.