Dare: Mahutar Bawa Ne ko Rigar Mugu?

A tsakiyar tekun Fasifik, kimanin kilomita 2,400 arewa maso gabas da Niyu Zilan, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Niue. Mutanensa ba su kai 2,000 ba, yawancinsu kuwa Kirista ne, gama wani ɗan ƙasar mai suna Peniamina ya koma gida da bishara a shekara ta 1846 bayan ya sami koyarwa a Samowa. A watan Maris na 2020, ƙungiyar kare duhun sararin sama ta duniya, wadda aka kafa a Amurka a 1988, ta amince da tsibirin dukansa a matsayin wurin da ake kiyaye duhun dare. Niue ce ƙasa ta fari da ta sami wannan shaida gaba ɗayanta. Gwamnatinta ta ɗauki alkawarin sauya fitilun tituna domin haskensu ya daina tashi sama, baƙi kuma sukan yi doguwar tafiya don su zauna a bakin teku su ɗaga kai su dubi taurari.

Wannan labari yana ta da tambaya a zuciyar mai bi. Littafi Mai Tsarki ya sha kwatanta zunubi da duhu, ceto kuwa da haske. To, ƙaƙa jama'ar da ta karɓi bishara za ta mai da duhu abin kiyayewa kamar dukiya? Kowane duhu abokin gāba ne, ko kuwa akwai duhun da Allah ya ba mutum amanarsa?

Abin da ake rasawa

Inda babu hasken lantarki ko farin wata, idon mutum yana iya ganin taurari wajen 2,500 a lokaci guda, tare da farin zirin nan mai kama da hayaƙi da ya ratsa sama, wanda tarin taurari ne masu nisan gaske. A cikin babban birni da ƙyar a ƙirga 'yan gomomi. Dalilin ba boyayye ba ne: hasken fitilar da ba ta da murfi yakan tashi sama, ya bugi ƙura da raɓar da ke cikin iska, ya warwatsu, sai sama ta yi fari fat ta rufe taurarin.

Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune a ƙarƙashin saman da hasken lantarki ya gurɓata, fiye da sulusin 'yan adam kuma ba sa iya ganin farin zirin nan daga inda suke. Wani binciken na 2023 ya gano cewa tsakanin 2011 da 2022 hasken sararin dare ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari kowace shekara. Idan aka ci gaba haka, yaron da aka haifa a garin da ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 saura 100 kawai zai gani.

Hasarar ba ta tsaya a kan kallo ba. 'Ya'yan kunkurun teku sukan ƙyanƙyashe da dare su nufi inda sama ta fi haske, wato wajen ruwa. Idan fitilun gari suka fi ƙarfi, sai su juya wa teku baya su hallaka a kan tudu. Tsuntsaye masu ƙaura da dare sukan ruɗe su yi karo da dogayen gine-gine. Jikin mutum kansa yana bukatar duhu kafin ya saki sinadarin da ke kawo barci.

Duhu iri biyu

Bahaushe ya ce dare rigar mugu, ya kuma ce dare mahutar bawa. Dukansu biyu gaskiya ne, Littafi Mai Tsarki ma ya san su duka. Duhun da Bisharar Yohanna take faɗa da shi na zuciya ne, wanda mai aikata mugunta yake ɓuya a ciki. Amma a sura ta fari ta Littafin Farawa, Allah ne da kansa ya raɗa wa dare suna kamar yadda ya raɗa wa yini, a rana ta huɗu kuma ya kafa wata da taurari. Dare bai zo tare da faɗuwar mutum ba. Ya riga ta zuwa, yana cikin halittar da Mahalicci ya duba ya gamsu da ita.

Sa'ad da Ibrahim ya tsufa ba shi da magaji, Ubangiji ya fito da shi waje da dare ya sa shi ya gwada ƙirga taurari, a nan ne kuwa ya ba da gaskiya (Farawa 15). Ƙarfin alkawarin yana cikin yawan abin da ya gagara ƙirgawa. Yaron birni da yake ganin taurari goma sha biyu zai karanta wannan sura ya yi mamakin abin da ya burge Ibrahim. Haka Dawuda a Zabura ta 8: ganin wata da taurari ne ya sa ya gane ƙanƙantar mutum da girman alherin Allah gare shi. Masanan nan na gabas ma tauraro ne ya ta da su neman Almasihu. Al'ummar da ta rufe sama da fitilunta ta rufe makarantar da kakanninta suka koyi tawali'u a ciki.

Hujjar matalauci

Duk da haka akwai ƙorafi mai nauyi da bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Binciken nan na 2016 ya nuna cewa ƙasashen da mutanensu suka fi kowa zama ƙarƙashin sama mai tsabta su ne Cadi, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Ba zaɓa suka yi ba. Rashin wutar lantarki ne. Wajen mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki. Ungozomar da take karɓar haihuwa da tocila a baki, da ɗalibin da yake karatu da aci-bal-bal, da ƙauyen da mahara suke faɗa wa cikin dare, ba wanda zai ce musu duhu albarka ne ba tare da jin kunya ba. Wanda ya ƙoshi da haske a garinsu, ya hau jirgi ya je kallon taurari, sa'an nan ya roƙi talaka ya ci gaba da zama cikin duhu domin kallon ya yi daɗi, ya yi zalunci.

A nan ne misalin Niue yake da amfani. Mutanen tsibirin suna da lantarki a gidajensu, ba su kuma kashe shi ba. Abin da suka yi shi ne tambayar kowace fitila aikinta. Fitila mai murfi, wadda take duban ƙasa, mai haske daidai bukata, tana nuna wa matafiyi hanya ba tare da ta taɓa sama ba, kuɗin wutarta ma ya fi sauƙi. Hasken da ya tashi sama bai taɓa korar ɓarawo ba, bai kuma taimaki ungozoma ba. Asara ce tsantsa. Saboda haka neman lantarki domin matalauci da kiyaye taurari domin 'ya'yansa ba sa karo da juna. Duhun Cadi na rashi ne, ya kamata a yi maganinsa. Duhun Niue na kamewa ne, wato mai iko ya san iyakar ikonsa.

Gādon kowa

Sama ba gonar wani ba ce. Kakannin mutanen Fasifik sun ratsa dubban kilomitoci na teku cikin kwale-kwale da jagorar taurari, manoman ƙasar Hausa kuma sun san Kaza da 'Ya'yanta, matafiya sun san Gamzaki mai shelar asuba. Sarki da bawa sun kalli sama ɗaya, ba wanda ya biya ko anini. Idan yau sai mai kuɗin jirgi ne kaɗai zai ga abin da Ibrahim ya gani, to, an ƙwace wa talaka wani abu nasa ba tare da an yi shawara da shi ba.

Ikkilisiya ma tana da nata rabon a wannan tambaya. Majami'ar da take kunna manyan fitilu har wayewar gari, suna haska gajimare da tagogin maƙwabta masu neman barci, ya kamata dattawanta su tambayi kansu ko tsaro ne ake nema ko nuna isa. Almasihu ya koyar cewa amfanin fitila shi ne ta haskaka wa mutanen gida, shi kansa kuma ya kwana a kan dutse yana addu'a kafin ya zaɓi manzanninsa goma sha biyu.

Masu kallon taurari sun ce ido yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, hasken waya na ɗan lokaci kuwa yakan ɓata dukan jiran. Da shugabannin matasa za su keɓe rabin sa'a a taron addu'ar dare, a kashe janareta, a ajiye wayoyi, a fita fili a zauna shiru, da yara da yawa sun fahimci Farawa 15 fiye da yadda wa'azi zai fahimtar da su. Ubangiji ya ba jama'arsa hikimar kunna fitila inda ake bukatarta, da tawali'un rage ta inda take rufe aikin hannuwansa. Amin.