Cin amanar Big Smoke

A shagunan gem na Jalingo, daga Sabon Gari har Mayo-Gwoi, ƙwallo ce ke kawo ciniki: a biya, a buga, wanda aka ci ya tashi. Amma a zamanin PlayStation 2 akwai faifan da ke tara 'yan kallo ko da mutum ɗaya ke bugawa, wato GTA San Andreas, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2004.

Yawancin yara ba labari ya kai su ba. Da takardar lambobin sirri a aljihu, a danna, makamai su cika, a yi ta tsere da 'yan sanda har man janareta ya ƙare. Wasan cike yake da jini da ashar, bai dace da ƙananan yara ba, kuma ba kowane mai shago ke tambayar shekaru ba. Wannan yana damuna har yau.

Sai dai wanda ya mallaki katin ajiye wasa ya ga abin da sauran ba su gani ba. Tauraron wasan, CJ, ya dawo Los Santos bayan shekara biyar saboda an kashe mahaifiyarsa. Abokinsa na ƙuruciya, Big Smoke, mai ƙiba da barkwanci, yana cikin masu tarbarsa. Akwai inda suka sayi abinci a mota, abokan gaba suka buɗe musu wuta, 'yan uwa na ramawa, shi kuwa Smoke yana ta ɗura loma, ko bindiga bai ɗaga ba. Duk shago sai a kwashe da dariya.

Can gaba aka kira CJ ya laɓe a cikin mota. Ƙofar gareji ta buɗe, sai ga Smoke da wani abokinsu, Ryder, tare da gurɓataccen ɗan sanda Tenpenny, ga kuma koriyar motar da aka yi kisan mahaifiyarsa da ita. Nan mai wasa ke gane cewa wancan cin abincin ba haɗama kaɗai ba ce. An nuna masa maci amanar tun farko, dariya ta hana shi gani.

Yaran da suka kai nan yau magidanta ne. Lambobin sun gudu daga kansu, amma ambaci koriyar mota ka ji hira ta ɓarke. Masu haɗa wasan ba su yi gaggawar biyan bashin cin amanar ba. Sai da suka kori CJ zuwa ƙauye, suka zagaya da shi San Fierro da Las Venturas, kafin ya tarar da Smoke a benensa, sanye da rigar sulke, shi ma yana buga gem.