NAMAN DA KE ƊAUKE DA TAMBARIN "KOSHA": YA HALATTA KO BAI HALATTA BA?



'Yan uwa, wani ɗalibinmu da ke karatu a wani ƙaramin gari a Amurka ya turo min saƙo cikin damuwa. Ya ce: "Malam, garinmu babu mahauci Musulmi, sai na yi tafiyar awa biyu kafin in samu. Amma kantin unguwarmu akwai kaza mai tambarin kosha, yankan Yahudawa. Na saya na ci, da na gaya wa Hajiyarmu a waya sai ta fashe da kuka, wai na je Turai na lalace. Yanzu wata uku rabona da nama."

Zan ba shi amsa a nan don kowa ya amfana. Amma malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi. To mu fara sanin mene ne koshar.

Yahudawa masu riƙo da addini suna da fiƙihunsu, suna kiransa Halaka. Tushensa Attaura, sai Mishna da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, sai Talmud da ya yi mata sharhi. Littafin da suka fi komawa gare shi a mas'alolin yau da kullum shi ne Shulhan Aruk na Yusuf Karo, wanda aka fara bugawa a Benis a 1565. Kafin shi akwai Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya rasu a Masar a 1204. Mutane kan rubuto masa tambayoyi ya amsa, da yawa ma da Larabci, kamar dai yadda ake turo wa mufti. Lokacin da nake karatu a Alƙahira na fara cin karo da sunansa, na yi mamakin yadda tsarin tambaya da amsar ya yi kama da namu. Kosha kuwa ma'anarta abin da ya dace a ci bisa wannan fiƙihu.

Bari mu shiga mayanka. A wurinsu ba kowa ke yanka ba. Sai mutumin da ya yi karatun abin aka ba shi izini, ana ce masa shohet. Wuƙarsa doguwa ce mai kaifi, kuma kafin ya yanka sai ya bi bakinta da farcensa, in ya ji ɗan giɓi komai ƙanƙantarsa ba zai yanka da ita ba. Yana yanke maƙogwaro da hanyar abinci a ja ɗaya. In ya tsaya a tsakiya, ko ya danna wuƙar maimakon ya ja ta, ko ya fizge, naman ya tashi daga kosha. Ba sa sumar da dabba da lantarki ko harbi a ka kafin yanka. Bayan an feɗe saniya ko tunkiya sai a duba huhunta. In an ga huda ko wata illa, sun bar ta, suna kiranta terefa.

Ku riƙe wannan kalma, za mu dawo kanta.

Daga nan sai maganar jini. Ana jiƙa naman a ruwa kamar rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri mai tsakuwa ya yi awa guda, sannan a ɗauraye. Shi ya sa kazar kosha take da ɗan gishiri-gishiri, mai girki ya kula. Suna cire wani nau'in kitse na ciki da na ƙoda, suna kuma cire jijiyar cinya, wadda suke danganta haramcinta da ƙissar Annabi Yaƙub (AS). Cire ta aiki ne mai wuya, don haka a Amurka da Ingila yawanci ƙafafun baya gaba ɗaya ake sayar wa wasu mahauta. Wanda ya karanta tafsirin aya ta 93 a Ali Imrana zai tuna malaman tafsiri sun kawo zancen jijiya a kan abin da Isra'ila ya haramta wa kansa.

To mu kuma fa? Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, kuma Ibnu Abbas (RA) ya fassara abincin da yankansu. Manzon Allah (SAW) ya ci daga naman akuyar da wata Bayahudiya ta kawo masa a Khaibar. Ku lura, a Khaibar ne, bayan an gwabza yaƙi. Na faɗi haka ne saboda na san wani zai rubuto a ƙasa ya ce, "Malam, da abin da ake yi wa Falasɗinawa?" Ɗan uwa, zafin da kake ji ni ma ina jinsa. In ka ƙaurace wa kayan wani kamfani saboda zalunci, wannan babi ne daban, kuma kana da hujjarka. Amma ba za ka ce nama ya zama mushe ba alhali Allah bai ce ba. Mahaucin da ke yanka kaza a Niyok ba fushinmu ne zai canza hukuncin wuƙarsa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamanmu na Malikiyya sun san wannan fiƙihu na Yahudawa sosai. Duk wanda ya sauke Risala a zaure ya wuce wurin da Ibnu Abi Zaid ya ce an karhanta cin kitsen yankan Yahudawa ba tare da an haramta ba. Dalili shi ne aya ta 146 a Suratul An'am ta ba da labarin an haramta musu wannan kitse, to shin yankansu ya halatta abin da su kansu ba sa ci? Wasu malamai suka ce babu ko karhanci, suka kafa hujja da Abdullahi ɗan Mugaffal (RA), wanda ya rungume jakar kitse ranar Khaibar ya ƙi ba kowa, Annabi (SAW) ya gan shi ya yi murmushi. A sharhohin Mukhtasar kuma an raba abin gida biyu. Abin da shari'armu ta tabbatar an haramta musu, kamar raƙumi da jimina, in Bayahude ya yanka ba ma ci. Abin da su suka ce haramun ne a wurinsu amma bai tabbata a namu nassin ba, makaruhi ne. Misalin da suke bayarwa? Aɗ-ɗarifa, dabbar da huhunta ya lalace. Terefar nan ce dai da na ce ku riƙe. Shekara da shekaru muna karanta kalmar, da yawanmu ba mu san daga bakin wa aka ɗauko ta ba.

Ga ɗalibinmu wannan saɓani bai ma shafe shi ba, don naman da aka buga wa tambarin kosha an riga an cire kitsen, an kuma ware mai lalataccen huhu.

Saura bisimilla. Shohet yana yin addu'ar ambaton Allah kafin ya fara yanka, amma sau ɗaya yake yi wa jerin dabbobi, ba kowace da tata ba. A nan ne wasu malaman Hanafiyya na wannan zamani suka tsaya, don su suna son a ambaci Allah a kan kowace dabba. A Malikiyya ba a sharɗanta wa Ahlul Kitabi bisimilla ba, sharaɗin shi ne kada ya yanka don wanin Allah. Shafi'iyya kuwa sunna ce a wurinsu ko ga Musulmi. Ni abin da na natsu da shi, naman ya halatta. Kai, in gaskiya za a faɗa, hankalina ya fi kwanciya da shi a kan kazar inji da ba a san wanda ya kunna injin ba.

Amma kada wani ya fita daga nan ya ce Malam ya ce kosha ita ce halal. Ban ce ba. Giya halal ce a wurinsu, har da ita suke buɗe ranar Asabar, kuma akwai kwalaben giya masu tambarin kosha. Kek ko cakulan ko miyar kwalba za su iya zama kosha alhali an zuba musu giya. Haka sinadarin jelatin da ake sa wa alewa: wasu malamansu sun sauƙaƙa a kan wanda aka samo daga busasshen ƙashin dabbar da ba a yanka ba, suna ganin ya rikiɗe ya zama wani abu, kusan irin muhawararmu ta istihala. Wasu hukumominsu ba sa karɓar wannan. Don haka tambarin ma hawa-hawa ne. Harafin U a cikin da'ira na wata babbar ƙungiyarsu ce a Amurka mai sa ido, amma harafin K shi kaɗai kowane kamfani na iya bugawa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, sun ƙuntata inda aka yalwata mana. Ba sa cin raƙumi da zomo. Kifi sai mai ɓawo a jiki, don haka tarwaɗa ta fita. Ba sa haɗa nama da nono a tukunya ɗaya, gidajensu ma tukwane kashi biyu ne, kuma bayan cin nama da yawansu sai sun jira awa shida kafin su sha madara. In ɗigon madara ya faɗa tukunyar nama bisa kuskure, sai a auna: in abin da ke tukunyar ya ninka ɗigon sau 60, an yafe. Ka ga Bafulatanin da zai ci tuwo da nama ya kora da kindirmo ba zai kwana a wannan mazhaba ba.

Saboda haka, ɗalibina, ɗanyen nama ko kaza mai tambarin kosha na hukumar da aka sani, ka yi bisimilla ka ci. Abin gwangwani da na kwalba da kayan zaƙi, ka juya bayansu ka karanta abin da aka haɗa, in ka ga giya ka ajiye. Ranar da ka samu mota zuwa wurin mahauci Musulmi, ka saya a can ka cika firji, don shi ya fi cancanta da kuɗinka. Hajiya kuma kada ka yi musu da ita a waya. Tsoron Allah ne ya sa ta kuka. Ka tura wa wani ƙaninka wannan rubutu ya karanta mata, ko ta aika a tambayi limamin unguwarku babin yanka a Risala.

Wallahu a'alam.